Ina iyakar abin da uwa za ta rubuta game da gidanta?

Tambayar ta fito daga wata baiwar Allah mai ƴaƴa uku a nan Maradi. Ta ce tun tana lakwal take son rubutu, kuma da ta haifi na biyu sai ta soma rubuta abin da take gani a rayuwar uwa: daren da yaro ya kwana da masassara, wahalar yaye, faman da take sha wajen haɗa makarantar allo da lakwal, har da zamanta da abokiyar zama. Tana tura wa mata a waya, su karanta su tura wa wasu. Magana ta kai kunnen uwar mijinta, Hajiya ta ce wannan tonon asirin gida ne, ɗiyar mutunci ba ta yin haka. Shi ne take tambaya ko addini ya hana, in kuma bai hana ba, ina iyakar abin.

Ƙanwata, Allah ya raya miki zuri'a, ya yi musu albarka. Rubutun bai haramta ba, kuma ina so ki ci gaba. Sai dai Hajiya ma ba ta yi magana a banza ba, don haka ki saurari amsar har ƙarshe.

Mace da alƙalami tsohon zance ne a Musulunci. A cikin hadisin Abu Dawuda an ambaci Shifa'u bintu Abdullahi, wadda ta koya wa Nana Hafsa rubutu, Annabi (SAW) ya sani kuma bai hana ba. Mafi yawan abin da muka sani na zamansa a cikin gida, yadda yake taya iyalinsa aiki, yadda yake sallar dare, yadda wata kan wuce ba a hura wuta a ɗakunansa ba, daga bakin matansa muka ji shi, musamman Nana A'isha da aka ruwaito hadisi sama da 2,000 daga gare ta. A ƙasar Hausa kuma muna da Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi da aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754. Ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji, wato mata malamai jagorori, ta ba su malfa suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙinta. Abin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne, ta rubuta baƙin cikin kanta. Ta yi marsiyyar ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi ta mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi ta aminiyarta A'isha. Ta faɗi zafin rashi a fili, malamai suka kwafa suka adana, ba wanda ya ce ta zubar da mutuncin gidan Shehu. Saboda haka duk wanda ya ce miki mace musulma ba ta rubuta abin da ke ranta, ki roƙe shi da ladabi ya kawo hujja.

Inda maganar take shi ne, rayuwar uwa ba tata ce ita kaɗai ba. In kin ɗauki bik za ki rubuta yadda jiya ta wuce, dole mutum huɗu ko biyar su shigo cikin labarin, kuma ba ko ɗaya da ya ce ki sa shi. Gajiyarki taki ce, tsoron da kika ji a daren masassara naki ne, abin da kika koya naki ne, ki rubuta su yadda kika ga dama. Amma halin maigida, da kuskuren abokiyar zamanki, da raunin ɗanki, waɗannan kamar kuɗin adashi ne a hannun uwar adashi: suna cikin ɗakinki, kin san adadinsu, amma ba naki ba ne da za ki kashe. Duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya fito.

Mu fara da giba, don ita ce ramin da mata masu rubutu suka fi faɗawa ba su ankara ba. Kin karanta a Ahalari tun kina ƙarama cewa ƙarya da giba da annamimanci haramun ne, kin kuma san ayar Suratul Hujurati da ta kwatanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. A hadisin Muslim, Annabi (SAW) ya fassara ta da ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Aka ce, to in abin yana tare da shi fa? Ya ce in yana tare da shi ka yi gibarsa, in babu ka yi masa ƙazafi. Ke nan cewa "ai gaskiya na rubuta" ba ta fitar da ke. Kuma alƙalami ɗaya ne daga cikin harsuna biyu, kamar yadda malamai suke faɗa, hukuncinsa hukuncin baki.

Wasu kan ce ai ban faɗi suna ba. Akwai hadisin Ummu Zar'in, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, labarin mata goma sha ɗaya da suka zauna kowace ta siffanta mijinta, wata ta yaba wata ta kushe, Annabi (SAW) yana saurare bai tsayar da labarin ba. Malaman da suka yi sharhinsa, cikinsu har da Alƙali Iyal mai Ashafa, sun yi bayanin dalili: mazan nan ba wanda ya san su, kuma mutum ba ya cutuwa sai an gane shi. A wurin nan aka ƙara da cewa, da mace za ta siffanta mijinta da abin da yake ƙi alhali masu sauraro sun san shi, to giba ce. Ki auna wannan da Maradi. Ke da kika sa sunanki a kan rubutu, kika ce "maigidana", ai kin faɗi sunansa kin gama. Daga unguwar Zariya zuwa Ali Ɗan Tsoho zuwa Bagalam, buki ɗaya ya isa a haɗa ki da dangin kowa. Rubutun da kika tura da hantsi, kafin la'asar ya kai wayar ƙanwarsa a Tasawa, ya kai wurin abokan fadarsa, mai yiwuwa ya tsallaka Ɗan Isa ya shiga Katsina. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi ta baki saurin tafiya, kuma ko kin goge taki, ta wasu tana nan.

Ban ce ki haɗiye zalunci ba. Hindu bintu Utba ta je gaban Annabi (SAW) ta ce Abu Sufyanu mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, ya ba ta fatawa bai ce ta yi giba ba. Khaula bintu Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta har Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da giba ta halatta, cikinsu akwai kai ƙara da neman fatawa. Ki lura da wurin da matan nan suka kai maganar: gaban wanda zai iya warware ta. In ana cutar da ke, akwai waliyyinki, akwai malami, akwai fadar sarki, akwai alƙali. Mata ɗari uku masu karanta ki a waya za su ce "wayyo", wasu su zuga ki, amma ba wadda za ta sa a ba ki kuɗin cefane. Ki sani kuma ƙasar nan ta Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun 2019, ɓata suna ta waya yana cikinta, kuma a 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kansa. Dangin kishiya da suka fusata suna iya bin wannan hanya.

Sirrin shimfiɗa kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Hadisin Abu Sa'idul Khudri a Muslim ya sa mai yaɗa shi cikin mafi sharrin mutane ranar alƙiyama, kuma hukuncin ya hau mace kamar yadda ya hau namiji. Ni ina haɗa masa da aljihun maigida: bashin da ake binsa, kayan da suka maƙale masa a hanya, ribar da ya samu. Ɗan kasuwa da mutuncinsa yake cin abinci.

Zancen abokiyar zama yana da fuska biyu, kuma ta biyun ce mata ba su cika lura da ita ba. Kowa ya san habaici a rubuce habaici ne. Amma akwai kuma yabon da ake yi don a ƙona ran wata. Asma'u bintu Abubakar ta ruwaito cewa wata mace ta tambayi Annabi (SAW), tana da kishiya, ko akwai laifi ta nuna mijin ya ba ta abin da bai ba ta ba? Ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufa biyu ne na ƙarya. Duk lokacin da hannunki ya tafi zai rubuta atamfar da aka sayo miki ko yadda aka fita da ke, ki tsaya ki tambayi kanki wa kike so ya karanta. In fuskar mutum ɗaya ce ta zo miki, ki ajiye bik ɗin.

Yanzu ga yara, kuma a nan nake so ki fi tsayawa, don su ne ba su da bakin da za su kare kansu. Maigida zai iya yi miki faɗa, abokiyar zama za ta iya ramawa, Hajiya ga shi ta yi magana. Yaro ɗan shekara biyar ba ya iya cewa "Mama kar ki faɗa". A ce ɗanki yana fitsarin kwance, kin rubuta yadda kike fitar da tabarma kowace safiya, yadda yake sunkuyar da kai, kin sa sunansa, kin haɗa da hotonsa don mata su ga wanda ake magana. Niyyarki mai kyau ce, kina so wata uwa ta daina dukan nata. To amma rubutun ba ya girma tare da yaron. Bayan shekara takwas yana kwaleji, wani ɗan ajinsu ya tsinto shi a wayar uwarsa, kin san irin sunan da za a laƙaba masa, kin kuma san suna irin wannan yakan bi mutum har gidan surukai. Ɗiya mace abin ya fi tsanani, don ranar da aka zo neman aurenta ana tono har abin da ba a tambaya ba.

Kina iya rubuta darasin duka ba tare da kin miƙa yaron ba. Ki ce: "Na san gidan da aka yi fama da fitsarin kwance. Duka bai yi magani ba, gori ma ƙara shi ya yi. Abin da ya taimaka shi ne rage ruwa bayan isha'i, da tashinsa sau ɗaya cikin dare, da rufa masa asiri a gaban ƴan'uwansa." Uwar da ke buƙata ta samu abin da take nema, ɗanki kuma ya tsira da mutuncinsa. Iyayenmu ma sun bar mana hanya. Macen da ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kiran sunan miji, sai ta ce "wannan yaron" ko "mai sunan Malam", ta iya ba da labarin gida shekara da shekaru ba ta kama sunan kowa ba. Wannan alkunya kayan aiki ce ga mai rubutu, ki yi amfani da ita.

Hoto kuwa, ra'ayina ki bar shi gaba ɗaya, ko ki tsaya a hannu da bayan kai. Dalilai uku ne suka sa. Kambun baka gaskiya ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito haka, kuma Annabi (SAW) da kansa yana nema wa Hasan da Husaini tsari daga kowane ido mai cutarwa. Annabi Yaƙuba ya ce wa Yusufu kada ya ba ƴan'uwansa labarin mafarkinsa, alhali mafarkin alheri ne. Na san za a kawo miki ayar ƙarshen Suratud Duha, cewa ni'imar Ubangijinka ka ba da labarinta, kuma gaskiya ce, amma ana iya godiya a kan hadda da yaro ya kai izu goma ba tare da an ɗora fuskarsa a gaban dubban idanu ba. Sannan hoton yaro yana wanka ko ba riga, in ya bar wayarki ba ki san hannun da zai faɗa ba, kuma akwai marasa tsoron Allah da ke tara irinsu. Na ukun kuwa namu ne na nan: kin san halin da kudancin jihar nan yake ciki, wajen Madarunfa da Gidan Runji, inda satar mutane don kuɗin fansa ta addabi jama'a shekarun nan. Rubutun da ya nuna sunan lakwal ɗin yaro, da rigar makarantarsa, da lokacin da ɗan kabu-kabu ke ɗauko shi, da cewa babansu ya yi tafiya Kano sai mako mai zuwa, ya ba mugu duk abin da yake nema. Har Faransa, inda ba kunya irin tamu ce ta dame su ba, sai da suka yi doka a 2024 da ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton ɗansu.

Yaron da ya kai shekara bakwai ko takwas, ki tambaye shi kafin ki rubuta abin da ya shafe shi. In ya ce a'a, ki bari, ko da labarin ya yi daɗi. Yana koyon cewa sirrinsa yana da daraja a wurin uwarsa, kuma ranar da ya balaga ya shiga wata matsala, wurinki zai fara zuwa.

Akwai wani nauyin da ke hawa kanki da zarar mata sun fara yarda da ke, wato za su ɗauki maganarki kamar ta malama ko ta ungozomar likita. Ki bambance "ga abin da na yi" da "ga abin da za ki yi". Jariri nono zalla ake so ya sha har wata shida, ba ruwa ba bauri, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, wa'adin da Suratul Baƙara ta ambata. Maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake bi gida-gida da damina ana ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar, ki ƙarfafa wa mata su karɓa su kuma cika kwanakinsa. Kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi, likitoci a Zariya ta Najeriya tun shekarun 1970 suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, don haka ko ke kin sha kin tashi lafiya, kada ki rubuta shi a matsayin shawara. A yankin da tamowa ke kwantar da yara kowace shekara kafin kaka, kalma ɗaya daga bakin wadda aka yarda da ita tana iya sa uwa ta kai ɗanta likita da wuri, tana kuma iya sa ta zauna gida tana jiƙa saiwa. Haka hadisi: kada ki rubuta "Annabi ya ce" sai kin san inda yake. Saƙonnin nan masu cewa wanda ya tura wa mutum goma zai ga buɗi, ki bar su inda kika gan su. Ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, haka ya zo a gabatarwar Sahihu Muslim.

Kada duk wannan ya sa ki koma rubuta gidan da babu shi, inda yara ba sa kuka, uwa ba ta gajiya, kullum murmushi da turaren wuta. Irin wannan rubutu yana karya zuciyar amaryar da ke zaune da jariri mai kukan dare, ta ɗauka ita kaɗai ce ta kasa, kuma ƙofar riya ce ga mai yin sa. Abin da matanmu suka fi buƙata shi ne wanda ba a faɗa a gidan suna. Macen da ta yi ɓari, aka ce mata "Allah ya kawo mai amfani", aka tashi aka bar ta da kayan jariri a cikin kwalla. Mai jegon da ta kasa barci, ta kasa jin son ɗanta, tana kuka ba dalili, ana ce mata iska ce ko rashin godiya, alhali ciwo ne sananne da ke samun mata da yawa bayan haihuwa kuma yana da magani. Uwar da ta yi fushi ta ɗaga hannu, sannan ta kwana tana istigfari. Waɗannan naki ne in sun same ki, kina da ikon faɗinsu, kuma wata a Dakoro ko Mayahi za ta karanta ta ji an sauke mata dutse daga ƙirji. Iyakar da zan sa miki a nan ita ce ta hadisin masu bayyana zunubi: abin da yake saɓo ne tsakaninki da Allah, ya rufa miki asiri, kada ki wayi gari ki yaye shi da sunan faɗin gaskiya.

Ta fuskar aiki, ki sayi kaye biyu, wato littattafan rubutu. Na farko na cikin akwati ne, ki rubuta komai a ciki da sunaye da kwanan wata: ranar da haƙorin fari ya fito, kalmar da ya fara faɗa, ranar da ta shiga izu na biyu, addu'ar da kika yi mata a daren da jikinta ya yi zafi. Wannan gadonsu ne, su za ki ba in sun girma. Daga cikinsa ne za ki tsamo abin da zai shiga na biyu, wanda jama'a za su gani. Kuma kada ki fitar da abin da kika rubuta cikin fushi a ranar da kika rubuta shi. Ki bar shi ya kwana, ki sake karantawa bayan sallar asuba kina ɗauka wanda kika ambata yana zaune a gabanki. In za ki iya karanta masa da babbar murya ba ki tsallake layi ba, ki tura. Ki yi rubutunki da Hausar da kike magana da ita, ta Maradi, kada ki ji kunyarta, kuma tunda mata da yawa a ƙauyukanmu ba su yi lakwal ba, wani lokaci ki karanta da murya ki tura musu su saurara. Lokacin rubutu kuma ki nema masa gurbi da ba zai ci haƙƙin kowa ba, don abin takaici ne yaro yana jan zanenki kina cewa ya jira kina rubuta yadda ake kula da yara.

Maigida ki sanar da shi, ki nuna masa abin da kike fitarwa, ku yi yarjejeniya a kan abin da ba za a taɓa ba. Hajiya kuwa kada ki je mata da ayoyi da hadisai kamar mai shirin muƙabala, ba za ki ci riba ba ko da kin fi ta hujja. Ki bari sai ranar da kika kai mata tuwo tana cikin nishaɗi, ki zauna ƙasa ki ce, "Hajiya, ga abin da na rubuta a kan yaye, ina so ki ji ko na yi daidai." Ki karanta mata wanda babu sunan kowa a ciki. Sannan ki tambaye ta yadda suke yi a zamaninsu, wa ake kai wa yaro in za a yaye shi, kwana nawa yake yi a can, me ake dama masa. Ki roƙi izininta ki rubuta abin da ta faɗa. In akwai tsohon rubutun da ya taɓa abokiyar zamanki ko wani a dangi, ki goge shi kafin ki je, ki kuma nemi gafarar mai shi.